Zubin kamantau a gaban inji: hanyar gano ciwon kwamfuta mai ɗauke da Windows da Linux

1. Gabatarwa

Da dama daga cikin malummai da ɗalibban sashenmu suna aiki da kwamfuta guda wadda aka girka wa tsarin tafiyarwa biyu, watau Windows da Linux, mai ita ya zaɓi wanda zai shiga duk lokacin da ya kunna ta. Dalilan haka sanannu ne. Toolbox da FLEx, waɗanda muke tsara ƙamus da matani da su, ƴan gidan Windows ne. Praat da ELAN suna tafiya ko'ina. Shi kuwa mai sarrafa tarin matani da ƙananan umurnai, ko mai rubuta kundinsa da LaTeX, ya fi sakewa cikin Linux. An samu ƙarin dalili tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da wa'adin kulawar da Microsoft ke yi wa Windows 10 ya cika: injuna da yawa da muke saye na hannu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman na TPM 2.0, sai masu su suka bar tsohon tsarin domin aikin ƙamus, suka ƙara Linux domin intanet da sauran hidima.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami bisa wannan batu shi ne wata ɗaliba da ta share watanni tana naɗar hira da tsofaffi a ƙauyukan Adar. Ta zo mana da koke uku. Daga Linux tana ganin fayilolinta amma ba ta iya adana gyara ko ɗaya; Wi-Fi yakan ɓace mata a can; agogon Windows kuma kullum yana baya da awa guda. Mai gyaran da ta fara kai wa ya ce diski ya mutu, katin Wi-Fi ya ƙone, pil ɗin agogo ya ƙare, ya kuma ba ta shawarar a share komi a sake girkawa. Ba ta da kwafi na biyu na muryoyin, kuma wasu daga cikin waɗanda ta naɗa ba su da sauran ƙarfin sake zama a yi musu tambayoyi. Da muka duba, babu ko ɗaya cikin sassan nan uku da ya lalace. An gyara ba tare da an buɗe cikin injin ba.

Muna son mu nuna cewa mai tsari biyu yana riƙe da wani kayan bincike wanda mai tsari ɗaya ba shi da shi, kuma hanyar aiki da shi ita ce wadda muke koyarwa a darasin tsarin sauti na shekarar farko.

Kalma biyu game da kalmomi. Za mu ce “ƙarfe” ga duk abin da hannu ke iya taɓawa cikin inji, abin da Faransanci ke kira matériel. Za mu ce “tsari” ga Windows ko Linux. Abin da ake kira pilote kuwa mun fi son mu ce masa “tafinta”, tun da aikinsa ke nan: yana tsaye tsakanin tsari da wani sashe na ƙarfe, yana fassara wa wannan maganar wancan. Sunayen da ke bisa allo mun bar su da Faransanci, kamar yadda mai karatu zai tarar da su a injinsa.

2. Musanya

Idan muna son mu tabbatar wa ɗalibi cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne daban-daban, mukan ba shi kafa da ƙafa: karin sauti ɗaya, tsawon wasali ɗaya, baƙin farko kaɗai ya sauya, ma'ana ta sauya. Ƙarfin hujjar yana cikin kalmar “kaɗai”. Wanda ya kawo kalmomi biyu da suka bambanta a wuri uku bai nuna komi ba.

Kwamfuta mai tsari biyu zubin kamantau ce da aka riga aka shirya mana. Ƙarfe ɗaya ne, ɗaki ɗaya, wuta ɗaya. Tsari kaɗai ke sauyawa. Saboda haka tambayar farko a gaban kowace matsala ita ce: idan aka shiga ɗaya tsarin, tana nan ko ta tafi? Idan tana nan a duka biyun, sai a nemi ciwon cikin abin da suka yi tarayya a kai. Idan a guda kaɗai take, sai a neme shi cikin abin da ya keɓanta da wannan tsarin, galibi tafinta ko wani saiti.

Mu lura da sharuɗɗan gwajin, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Na farko, abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a kuma rubuta cikin kaye abin da aka sauya da abin da aka gani. Mun sha ganin abokin aiki ya sabunta tafinta, ya sauya waya, ya taɓa saiti uku cikin dare guda. Da safe inji yana tafiya, shi kuwa bai san dalili ba, kuma ranar da ciwon ya dawo daga farko zai fara. Na biyu, abin da tsarin biyu suka yi tarayya a kai ya fi ƙarfe yawa. Akwai UEFI, magajin BIOS, watau ɗan ƙaramin shirin da ke zaune cikin babban allon inji, wanda ke farkawa kafin kowane tsari. Akwai caja da wutar da ke shigowa. Akwai zafin ɗaki. Na uku, ana iya kiran ƙarin shaidu. Allon saitin UEFI shaida ne da ba ya ɓangaren kowa: maɓallin da ba ya rubutu a can, ko diskin da ba a ganin sunansa a can, ba laifin Windows ko Linux ba ne. Haka nan ɗan makullin USB, wanda ɗalibbai ke kira kile, idan aka ɗora masa Linux mai tashi da kansa, yana ba da tsari na uku, sabo ful, wanda babu wanda ya taɓa saitinsa. A ganinmu ya kamata kowane biro na sashe ya ajiye irin wannan kile cikin aljihun tebur.

3. Idan shaidu duka suka yi baki ɗaya

Inji yana daskarewa ko yana mutuwa farat ɗaya a Windows, yana yin haka a Linux, yana yi kuma da kile. A ƙasarmu wanda za a fara tuhuma shi ne zafi. Littattafan masu ƙera kwamfutocin hannu galibi suna ba da digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin aiki, alhali a watannin Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce 40 a Yamai da Tawa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iskar fanka tun watan Janairu. Furosesa yakan rage gudu da kansa idan ya doshi digiri 100, idan abin ya ci tura ya kashe inji domin kada ya ƙone. Alamar ita ce lokaci: da asuba lafiya lau, da azahar ko bayan rabin awa na aiki mai nauyi sai mutuwa. Umurnin sensors a Linux yana nuna zafin nan take. Magani shi ne a hure ƙurar, a riƙe fanka da tsinke lokacin hurawa don kada ta yi ta juyawa a banza, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe masa zafi idan injin ya tsufa, a kuma daina aiki bisa katifa. Caja ta jabu da wutar gurup mai hawa da sauka suna ba da alamu masu kama da waɗannan. A gwada da batir kaɗai, sa'annan da wata caja. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga wurin goga yatsa, a cire shi ranar da aka gani.

Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar aiki, watau RAM. Ana gwada ta da Memtest86+, wanda ke tashi shi kaɗai ba tare da wani tsari ba, kuma tun fitowarsa ta 6 a shekarar 2022 yana aiki da injunan UEFI. A bar shi ya kwana yana zagaye. Kuskure ɗaya ya isa hujja. Idan sanduna biyu ne cikin injin, a cire ɗaya a gwada ɗaya, sa'annan a musanya musu gurbi, domin wani lokaci gurbin ne ke da ciwo. A nan dole mu yi wa ƙa'idarmu togiya: tsarin biyu ba su shimfiɗa kayansu cikin RAM iri ɗaya ba, saboda haka wurin da ya lalace yana iya faɗawa ƙarƙashin wani muhimmin abu na Windows, a Linux kuwa ya faɗa inda ba a cika taɓawa ba. Ke nan lafiyar tsari guda ba ta wanke RAM ba. Duk daskarewar da ba ta da lokaci ba ta da dalili, ko a tsari ɗaya take, a kwana ana gwajin.

Na uku shi ne diski, kuma shi ne wanda ya fi shafar mu, tun da a cikinsa aikin shekaru yake. Diski yana riƙe da rajistar lafiyarsa, wadda ake kira SMART. Ana karanta ta da smartctl -a /dev/sda, ko ta shirin Disques a Ubuntu. A diski mai juyawa lambobi uku muke dubawa: 5, yawan gurabun da suka lalace aka maye su, 197, waɗanda suka ƙi karantuwa ana jiran hukuncinsu, da 198. Idan ɗaya daga ciki ya bar sifiri, balle yana hawa, diskin ya kama hanya. Sai dai rajista mai tsabta ba takardar shaidar lafiya ba ce: a binciken da ma'aikatan Google suka buga a 2007 bisa diski fiye da dubu ɗari, kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar kuskure ko ɗaya a SMART ba. Abin da ke da muhimmanci shi ne jerin aiki. Diskin da ake zargi, kwafe shi ake fara yi. Ba a sa masa chkdsk ko fsck tukuna, domin waɗannan suna tilasta masa karatu da rubutu mai yawa, suna iya ƙarasa shi. A tashi da kile, a kwashe muryoyi da kundi zuwa wani diski. Idan karatu yana cijewa a yi amfani da ddrescue, wanda ke fara ɗebe abin da ke da sauƙi kafin ya koma ga wuraren da suka lalace.

4. Idan tsari ɗaya ne ke kuka

A nan aikin ya fi sauƙi, ba za mu daɗe ba. Katin da ke aiki a Windows bai ƙone ba don ya ƙi aiki a Linux. Abin da ake bukata shi ne ainihin sunansa, domin sunan da ke bisa murfin kwamfuta ba ya faɗin abin da ke cikinta. Umurnin lspci -nnk yana ba da lambar maƙeri da ta na'ura, tare da tafintan da ke riƙe da ita: 8086 Intel ne, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 10de Nvidia. Lambobin nan su ne Windows ke nunawa bayan VEN da DEV cikin Gestionnaire de périphériques, inda code 28 ke nufin ba a girka tafinta ba. Sa'annan a karanta abin da tsarin da kansa ya rubuta: dmesg, ko journalctl -b -1 domin tashin da ya gabata, wanda aka daskare a cikinsa. Sau da yawa layi ɗaya ne ke cewa an nemi wani ɗan fayil na maƙeri ba a samu ba. Debian ta daɗe ba ta saka irin waɗannan fayiloli cikin faifan girkawarta na hukuma. Ta fara ne da Debian 12 a 2023, kuma tun daga nan wannan koke ya ragu. Ga Wi-Fi a duba rfkill list, wanda ke bambanta katin da saiti ya rufe da wanda maɓalli ya rufe.

Akwai kuma koke biyu da ke zo mana kullum da sunan lalacewar allon maɓallai. Wanda ya danna a ya ga q, injinsa na AZERTY ne tsari kuwa yana karanta shi a matsayin QWERTY, ko akasin haka ga injunan da aka sayo Kano. Wannan kan sa kalmar sirri ta ƙi shiga, mutum ya rantse bai manta ta ba, kuma gaskiyarsa. Wanda kuma ya ga ƴan akwatuna a gurbin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, salon haruffan da ya zaɓa ne ba shi da su. Charis SIL yana da su duka.

5. Naso: idan maƙwabci ne sanadi

Mun zo ga abin da ya fi ruɗa masu gyara, wanda kuma mai ilimin harsuna ya fi kowa shirin fahimta. Jam'in mota motoci ne. Wanda ya tsaya yana binciken /t/ ita kaɗai don ya gano abin da ya mai da ita [c] ba zai samu komi ba. Wasalin da ke biye da ita ne ya ganɗanta ta. Haka nan akwai rukunin matsaloli na uku: ƙarfe lafiya, kowane tsari shi kaɗai lafiya, amma wanda ya riga ya bar wa wanda ya biyo baya wani hali. Alamar rukunin ita ce matsala tana bin jerin shiga. Linux bayan Linux ba ta nan. Linux bayan Windows tana nan. Saboda haka cikin kayen gwaji a riƙa rubuta tsarin da aka fito daga cikinsa, da kuma yadda aka fito.

Mu fara da agogo, tun da shi ne misali mafi tsabta. Cikin babban allo akwai agogo guda da ke tafiya ko inji na kashe. Windows yana ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin lokacin gari. Linux galibi yana ɗaukar sa a matsayin lokacin duniya, UTC, sa'annan ya ƙara ratar ƙasa. Nijar tana gaban UTC da awa guda. Idan ƙarfe goma ne a Maraɗi, Linux zai rubuta tara cikin agogon. Windows ya zo ya karanta tara, ya nuna tara. Idan ya samu intanet ya gyara ya rubuta goma, Linux ya dawo ya karanta goma ya ƙara ɗaya, ya nuna sha ɗaya. Abokan aikinmu na Bamako da Wagadugu da Dakar ba su san wannan ciwo ba, tun da lokacinsu shi ne UTC. A birni intanet yana ɓoye matsalar cikin ɗan lokaci. A ƙauye, inda muke naɗar murya, kuskuren yana zama, ya shiga kwanan fayiloli, har mutum ya ɗauki tsohon kwafi a matsayin sabo ya rubuta shi bisa na gaskiya. Gyara shi ne a sa su bisa ƙa'ida ɗaya: ko a ce wa Linux timedatectl set-local-rtc 1, ko a ƙara RealTimeIsUniversal da daraja 1 cikin rajistar Windows, ƙarƙashin TimeZoneInformation. Guda ake yi, ba duka biyu ba. Yanzu ga abokin zubinsa: idan ratar awa guda ce cif, naso ne; idan agogo ya koma shekarun baya duk lokacin da aka cire wuta, pil ne, galibi CR2032 mai volt 3, kuma a nan mai gyara yana da gaskiya.

Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne démarrage rapide, da ya zo da Windows 8 a 2012 kuma yake kunne tun daga girkawa a yawancin injuna. Idan aka danna Arrêter, Windows ba ya mutuwa sarai. Yana rufe shirye-shiryen mai aiki, sa'annan ya kwafe zuciyar tsarin da halin tafintoci cikin fayil hiberfil.sys, domin gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Watau ya kwanta ne da zaton babu mai shiga ɗakin kafin ya farka. Linux da ya tarar da yankin NTFS cikin wannan hali yakan ƙi rubutu a kansa, ya buɗe shi don karatu kaɗai. Abin da ɗalibarmu ta ɗauka mutuwar diski, kariya ce aka yi mata. Wanda ya tilasta rubutun, ko wanda yankin da tsarin biyu ke tarayya a kai FAT32 ne ko exFAT, inda ba a samun wannan gargaɗi, yana iya ajiye aikin yini daga Linux, Windows ya farka da tsohon lissafinsa na abin da ke cikin yankin, fayilolin su ɓace ko su lalace. Wannan barcin ne kuma ke barin wasu katunan Wi-Fi cikin halin da tafintan Linux ba ya iya tashe su. Masu kula da tafintan katunan Intel sun rubuta gargaɗi a kan haka da kansu.

Akwai abin mamaki a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Redémarrer yana rufe Windows sarai, ba ya bin hanyar barci, amma ba ya yanke wa na'urori wuta, saboda haka katin sauti ko na waya yana iya tsallakawa cikin Linux da saitin da Windows ya bar masa; daga nan ake samun abin sawa a kunne da ya yi shiru, ko katin Realtek da fitilarsa ta ƙi kamawa. Arrêter kuwa yana yanke wuta amma yana ajiye barci. Ke nan, muddin démarrage rapide yana kunne, babu ɗaya cikin maɓallan biyu da ke ba da shafi fari, kuma duk musanyar da aka yi a wannan hali gurɓatacciya ce. Ana kashe shi ta Panneau de configuration, Options d'alimentation, Choisir l'action des boutons d'alimentation. Ko da umurni guda, powercfg /h off, wanda ke ɗauke dogon barcin gaba ɗaya. Mu dai a ganinmu wannan ne aikin farko da ya kamata a yi ranar da aka girka tsari na biyu, kuma bayan kowane babban sabuntawa a leƙa a ga ko yana nan a kashe. Ƴan daƙiƙun da yake ragewa wajen tashi ba su kai darajar hira ɗaya ba. Bayan haka, tsakanin gwaji da gwaji, a kashe inji, a cire caja, a danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti.

Bluetooth ma yana da nasa. Tsarin biyu suna fita da adireshi ɗaya, tun da katin ɗaya ne, amma kowane yana ƙulla nasa mabuɗin sirri da na'urar da aka haɗa. Na'urar kuwa mabuɗi ɗaya take riƙe wa kowane adireshi, na ƙarshe. Shi ya sa abin sauraren da aka haɗa da Linux jiya yake ƙin Windows yau. Ana iya kwafe mabuɗin daga wannan tsari zuwa wancan, amma ga mai rubuta abin da ya naɗa, abin kunne mai waya ya fi: ba shi da jinkiri, ba shi da wannan rigima.

Sauran na rukunin suna faruwa ne a bakin ƙofa, kafin kowane tsari ya tashi. Idan jerin zaɓi na GRUB ya ɓace bayan sabuntawa, inji ya riƙa zarcewa Windows, ba a share Linux ba; jerin fifiko ne ya sauya cikin UEFI, ana mai da shi daga can ko da efibootmgr. Idan Windows ne ya ɓace daga jerin, a tuna cewa tun GRUB 2.06, a 2021, ba a neman sauran tsare-tsare sai an ba da izini da GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false. Idan kuwa mai girka Linux ya ce babu diski sam alhali Windows yana tafiya a kansa, a duba yadda UEFI ke gabatar da diskin: a yanayin RST na Intel, Linux yakan kasa ganin sa, sai an koma AHCI. Amma wanda ya sauya kai tsaye zai gamu da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, domin Windows bai shirya tafintan da ya dace ba. Sai an fara umurtar sa ya tashi cikin mode sans échec, a sauya, ya tashi sau ɗaya a haka, sa'annan a mai da shi yadda yake. Wannan saitin ne ke haɗa mu da pil ɗin da muka ambata: a injuna da yawa, idan ya ƙare, UEFI yana komawa saitin masana'anta, AHCI ya koma RST cikin dare, da safe tsari ɗaya ko duka biyu su ƙi tashi. Ciwon na ƙarfe ne da gaske, amma ƙarfen da bai kai kuɗin abincin rana ba, ga shi ya yi shigar mutuwar diski.

A watan Agusta 2024 an ga wani misali da ya game duniya. Wani sabuntawa na Windows ya kawo jerin tsofaffin shirye-shiryen tayar da Linux waɗanda Secure Boot zai daina yarda da su saboda wata kafa ta tsaro. An tsara kada ya shafi injuna masu tsari biyu, amma a wasu bai gane su ba, sai Linux ya ƙi tashi, da saƙo mai ambaton SBAT. Microsoft ya amsa matsalar, ya kuma sanar da gyaranta cikin sabuntawar Mayu 2025. Wanda ya ga wannan kalma bisa allon tsohon inji, ko da tsohon kile, ya san cewa abin da ke bukatar sabuntawa shi ne shirin tayarwa.

6. Kafin a taɓa UEFI

Kusan duk gyaran da muka ambata a ƙarshen sashe na 5 yana bi ta saitin UEFI, har da gwajin RAM, wanda wani lokaci sai an dakatar da Secure Boot yake tashi. A nan akwai tarko. Injuna da yawa suna zuwa da diski a kulle da BitLocker ba tare da mai shi ya sani ba, kuma abin ya ƙaru tun fitowar Windows 11 ta 24H2 a 2024. Mabuɗin yana cikin TPM, wanda ba ya sakin sa sai ya ga an tashi ta hanyar da ya sani. A sauya Secure Boot, ko a shiga Windows ta wata ƙofa dabam, sai allo ya nemi lamba mai alƙaluma 48. Wanda ba shi da ita, babu mai gyaran da zai iya buɗe masa, a Damagaram ko a Paris, kuma ddrescue zai kwafo masa abin da ba ya karantuwa ne kawai. Ana ganin lambar tun inji na lafiya da manage-bde -protectors -get C: daga tagar umurni ta mai iko, ko cikin asusun Microsoft da aka buɗe injin da shi. Ga injin da aka saya na hannu, asusun yana iya zama na mai shi na farko, wanda ba mu san shi ba. A rubuta lambar da alƙalami cikin kayen gwaji, a ajiye kwafi a gida. Kada a adana ta cikin diskin da take buɗewa.

Ita ɗalibarmu diskinta ba a kulle yake ba. Mun tashi da kile, mun kwashe muryoyin zuwa diski biyu kafin mu taɓa komi, sa'annan muka shiga Windows muka kashe démarrage rapide, muka kashe injin sarai. Da Linux ya tashi, yankin ya karɓi rubutu, Wi-Fi ya dawo. Agogo ya ɗauki layi ɗaya. SMART ya nuna sifiri a 5 da 197 da 198. Duk da haka ɗaya daga cikin kwafin biyu yana cikin kabad ɗin sashe, ɗayan kuma ta kai shi gidan iyayenta a Tawa.